Jirgin iska a teku ko kwale-kwale a Kogin Isa: da wanne ɗalibin Yamai zai fara binciken ruwa?

Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 kafin ka ga ruwan gishiri. Amma daminarmu daga can take tasowa. Iskar da ke ɗauko danshi daga Tekun Gini ita ce ke shayar da gonakin Dogon Dutsi da na Illela, kuma sanyi ko ɗumin saman tekun a watannin Mayu da Yuni yana da hannu a lokacin da ruwa zai kama. Ledar da ruwa ya kwasa daga kwarin Gunti Yena kuma, in ba ta maƙale a yashi ba, teku ta nufa. Don haka ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni, ko malamin kimiyya a lise, da ya ce yana son sa hannu a binciken teku, bai yi shisshigi ba. Abin da ya rage shi ne sanin ƙofar da zai bi.

Ƙofofin da ake yawan tambaya a kansu biyu ne. Ta farko ita ce samun gurbi a jirgin ruwa na bincike irin wanda iska ke turawa da manyan ƙyallaye, wanda za mu riƙa kira jirgin iska. Ta biyu ita ce hayar kwale-kwale a gaɓar Isa, wato Kogin Kwara, a yi irin wancan awon a nan gida, wata bayan wata. Mun karkata ga ta biyun ga yawancin masu tambaya, kuma za mu faɗi dalili. Sai dai akwai mutanen da ta farkon ce ta dace da su, bai kamata a hana su ba.

Abin da jirgin iska ke iyawa

Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne Tara, jirgin Faransa mai tsawon mita 36 da jikin alminiyom, wanda mazauninsa tashar Lorient ce. An ƙera shi a 1989. Daga 2006 zuwa 2008 an bar shi ya daskare cikin ƙanƙarar Arewacin duniya, ƙanƙarar na tafiya da shi har kwana 507. Daga 2009 zuwa 2013 ya zaga tekunan duniya yana ɗibar filankiton, wato ƙananan halittun da ke yawo a ruwa waɗanda yawancinsu ido ba ya gani. Ya dawo da samfuri wajen 35,000 daga wurare 210, kuma sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2015 ya ƙunshi ƙwayoyin gado kusan miliyan 40. A 2019 ya bi manyan koguna tara na Turai yana neman burbushin roba. A tafiyarsa ta 2020 zuwa 2022 ya bi gaɓar Afirka ta Yamma har ya tsaya a Dakar.

Me ya sa ake zaɓar jirgin iska alhali ga manyan jiragen bincike masu inji? Na farko, kuɗi. Babban jirgi yana shan mai da albashin ma'aikata masu yawa kowace rana, saboda haka kwanakinsa a ƙirge suke. Jirgin iska yana iya shekara biyu ko uku yana tafiya da kuɗin da bai kai haka ba. Na biyu, saurinsa ya yi daidai da aikin. Ragar ɗibar filankiton ko burbushin roba ana jan ta ne a hankali, gudun da bai wuce mil 2 zuwa 3 na teku a awa ba (mil ɗin teku mita 1,852 ne). Na uku, shiru. Mai sauraren kukan manyan kifayen teku da makirufon ƙarƙashin ruwa ba ya son ƙarar inji.

Gazawarsa ma a fili take. Wuri kaɗan ne, wutar lantarki kaɗan ce, kuma jirgin yakan karkata gefe ɗaya in iska ta cika ƙyallayen, sai aikin tacewa da zuba ruwa a kwalba ya zama wahala. Ba shi da manyan injunan da ke saukar da kayan awo zuwa mita 5,000. Samfurin da za a binciki ƙwayoyin gadonsa sai an daskare shi nan take, galibi a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma in ya ƙare a tsakiyar teku babu inda za a sayo. Jirgin kansa yana gurɓata samfuri: igiyoyinsa da ƙyallayensa na roba ne, fentin jikinsa yana ɓarewa. Shi ya sa ake jan raga daga gefe, a kan doguwar sanda, nesa da sawun da jirgin ya bari a baya.

Gurbin da ake saye

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Masu binciken da ke hawa Tara ɗakunan bincikensu ne ke tura su, ba tikiti suke saye ba. Gurbin da talla ke nuna maka a Facebook ko Instagram galibi na wasu ƙungiyoyi ne da ke karɓar 'yan sa-kai su biya kuɗin tafiyarsu. Misali eXXpedition, wadda Emily Penn da Lucy Gilliam suka kafa a 2014, mata zalla take ɗauka don binciken roba a teku. Ta fara zagayen duniya a Oktoban 2019, annobar korona ta tsayar da shi a 2020. Akwai kuma Statsraad Lehmkuhl, tsohon jirgin Norway da aka ƙera a 1914, wanda ya zaga duniya daga Agustan 2021 zuwa Afrilun 2023 ɗauke da na'urorin awo; masu hawa suna biyan kuɗin zango-zango, suna kwana a ragar lilo, suna jan igiya tare da ma'aikata. Waɗannan ƙungiyoyi ne na gaskiya masu aiki na gaskiya. Amma ka yi lissafi da sefa kafin zuciya ta ɗauke ka.

Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Kowane Yuro 1,000 ya haura sefa jika 655. Zango guda na sati biyu ko uku a irin waɗannan tafiye-tafiye yakan ci dubban Yuro, kuma wannan kuɗin gado da abinci ne kawai. Ba a sa tikitin jirgin sama ba, wanda sau da yawa biyu ne daban-daban, tunda a wata ƙasa za ka hau, a wata ka sauka. Ba a sa inshorar da ta yarda da tafiyar tsakiyar teku ba, ko rigar ruwa da takalmi, ko kwanan otel in jirgin ya yi jinkiri, abin da iska kan jawo. Ga biza: zango ɗaya na iya buƙatar biza biyu ko uku, an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, kuma ma'aikacin biza yana son ganin tikitin fita daga ƙasarsa, kai kuwa ta ruwa za ka fita. Dole kaftin ya rubuta maka takarda mai ɗauke da sunan jirgi da lambarsa da ranar tashi. Fasfo ya rage aƙalla wata 6, katin rigakafin shawara yana hannu.

Rayuwar cikin jirgi ita ma a san ta tun daga gida. Aiki karɓa-karɓa ne dare da rana, misali awa 4 kana tsaro, awa 8 kana hutu da girki da shara da aikin samfuri. Kwana biyu ko uku na farko yawancin sababbi jiri da amai ne ke kwantar da su. Maganin ana shan sa ne kafin a tashi, in amai ya fara ba ya zama a ciki. Ruwan sha a ƙayyade yake, wanka ba kullum ba. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, kuma alƙibla kamfas ɗin jirgi zai ba ka, sai dai tana sauyawa duk lokacin da aka juya kan jirgi. Batun naman alade da girki da giya a faɗa wa mai shirya tafiya a rubuce tun kafin a yi sayayyar guzuri, don da zarar an bar tasha babu kasuwa. Wanda bai iya iyo ba ya koya tukuna. Da dare ko lokacin iska mai ƙarfi kowa yana ɗaure da igiya a jikin jirgi, domin wanda ya faɗa teku cikin duhu samun sa abu ne mai wuyar gaske.

To, me za ka dawo da shi? Ɗauki tsallaka Atilantika daga tsibiran Kanari zuwa Karebiya, mil 2,700 na teku. A gudun mil 6 cikin awa, kwana 19 ke nan. In ana jan raga sau ɗaya a rana, kuma a cire ranakun da igiyar ruwa ta hana, samfurin ba zai kai 20 ba, kowanne daga wurin da ba za ka sake komawa ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: raga mai bakin santimita 60, an ja ta minti 30 a gudun mil 2, ta share mita 1,852, wato fili mai murabba'in mita 1,111. In ka ƙirga burbushi 50 a ciki, ya zama kusan 45,000 a murabba'in kilomita. Irin waɗannan awon ne aka tara daga tafiye-tafiye 24 tsakanin 2007 da 2013, har Marcus Eriksen da abokan aikinsa suka ƙiyasta a 2014 cewa gutsattsarin roba tiriliyan 5.25 ne ke yawo a saman tekunan duniya. Ƙimarsu tana cikin taruwarsu. Naka da ba su kai 20 ba su kaɗai ba za su zama kundin masta ba, kuma yawanci ba naka ba ne: suna tafiya ɗakin binciken da ya tsara aikin. Kafin ka biya ko dala ɗaya, ka yi tambaya uku a rubuce. Wane mai bincike ne ya tsara awon? A ina aka buga sakamakon tafiyar da ta gabata? Za a ba ni ɗanyen bayanan in yi aiki da su? Ƙungiyar da ta kasa amsa waɗannan yawon buɗe ido take sayarwa.

Abin da ba za a raina ba shi ne gani da ido. Wanda ya ga ruwa shuɗi tas da farin faifan auna hasken ruwa ke bayyana a cikinsa har mita 30 ko 40, ya ga raga ta fito da halittu masu walƙiya cikin dare, ya koyi aiki da hannu ɗaya yana riƙe da jirgi da ɗayan, ya samu abin da littafi ba ya bayarwa. Gani ya kori ji. Abokan da aka yi a jirgi kuma sukan buɗe ƙofar karatu daga baya.

Abin da Isa ke bayarwa

Kogin nan tsawonsa kusan kilomita 4,200 ne, wajen 550 daga ciki a ƙasar Nijar. A Yamai sau biyu yake cika a shekara, kuma cikar biyu ba iri ɗaya ba ce. Ta Agusta da Satumba ja ce jawur, laka ce da ƙananan kogunan Sirba da Dargol da Goruwal, masu zuba a Isa, ke kwasowa daga ƙasar da ta rasa itatuwa ta yi ɓawo, ruwa ba ya shiga cikinta. Ta Disamba da Janairu ruwan tsaunukan Gini ne da ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso a tace. A da ta biyun ce ta fi girma. Yanzu jar cikar ce ke cin unguwanni, kamar yadda aka gani a 2012, da kuma Satumban 2020 lokacin da ma'aunin Yamai ya kai wajen santimita 700. Kogin nan kuma shi ne ya tsaya cak a Yamai a Yunin 1985. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai son gano dalilin sai ya auna wuri ɗaya sau da yawa. Wannan shi ne abin da jirgin iska mai wucewa ba zai iya ba, kai kuwa za ka iya.

Ga kuma batun roba. Wani bincike na 2017 ya sa Kogin Isa cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. Ƙiyasi ne da aka gina a kan yawan jama'a da yawan sharar da ba a kwashewa a yankin kowane kogi. Wanda ya tsaya ya ƙirga abin da ke wucewa a Yamai na shekara guda yana riƙe da awo na zahiri da za a gwada ƙiyasin da shi.

A zaɓi wurare uku kada a sauya su: ɗaya sama da gari wajen Gudel, ɗaya ƙasa da inda Gunti Yena ke zuba, ɗaya ƙasa da gari wajen Saga. A ɗauki lambar GPS ta kowanne, a je sau biyu a wata, a lokaci ɗaya na rana. Wurare uku sau 24 ziyara 72 ke nan a shekara.

Awo na farko shi ne hasken ruwa. A teku ana amfani da faifan Secchi, wanda Angelo Secchi ya fara gwadawa a 1865: fari, faɗin santimita 30, ana saukar da shi da igiyar awo har ya ɓace wa ido. Na ruwan daɗi santimita 20 ne, an raba shi gida huɗu, baƙi da fari. Ana iya yanka shi daga murfin bokiti a shafa fenti marar sheƙi. Ana awon tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, ba tare da baƙin tabarau ba. A rubuta zurfin da ya ɓace, a ɗago a rubuta inda ya sake bayyana, a ɗauki tsakiyarsu. Kuskuren da aka fi yi a kogi shi ne ɗaure shi da igiya kamar na teku. Ruwa mai gudu yana jan faifan, igiya ta karkace, sai ka rubuta santimita 60 alhali zurfin 40 ne. A kafa shi a kan sanda mai alamar santimita. Wani abin lura: shirin Secchi Disk da Richard Kirby ya fara a Plymouth a 2013 na masu tafiya a buɗaɗɗen teku ne, don can abin da ke rage haske filankiton ne. A Isa laka ce ke rage shi, saboda haka kada a tura musu awon kogi.

Lokacin jar cika faifan yakan ɓace tun bai yi nisa da saman ruwa ba, bambancin mako da mako ba ya fitowa. A nan sai a koma auna lakar kanta. A ɗebi rabin lita daga zurfin kamu ɗaya ƙasa da saman ruwa, bakin kwalba na fuskantar inda ruwa ke fitowa, daga gaban kwale-kwale don kada a ɗebi abin da filafili ya tayar. A ɗakin gwaje-gwaje a girgiza sosai, a tace adadin da aka auna a kan takardar tacewa da aka riga aka san nauyinta, a busar a digiri 105, a sake aunawa. Bambancin nauyin a raba shi da yawan ruwan, ya ba ka miligiram a lita. In takardar ta toshe, a rage ruwan zuwa mililita 100 ko 50. In an bar ta a fili kafin awo, ƙurar hunturu za ta ƙara mata nauyi. A rufe ta.

Awo na biyu burbushin roba ne, wato gutsuren da bai kai milimita 5 ba. Ragar da ake ja a teku idonta kashi ɗaya bisa uku na milimita ne. Wanda bai same ta ba yana iya farawa da dabarar da ɗakin binciken Max Liboiron a Kanada ya fitar mai suna BabyLegs, wadda ake haɗawa da matsattsen wandon jarirai da gorar roba, muddin ya rubuta a rahotonsa cewa da ita ya yi aiki, don ba a kwatanta sakamakonta kai tsaye da na ragar asali. A kogi ba sai an ja ba: a tsayar da kwale-kwale da anga ko gora, ruwa ya ratsa ragar da kansa. Abin da ake bukata shi ne sanin yawan ruwan da ya wuce. A auna tazarar mita 5 a jikin kwale-kwale, a jefa kara, a ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka, sau uku. In bakin raga mai faɗin santimita 30 ya nutse santimita 20, ruwa na gudun rabin mita a daƙiƙa, aka bar ta minti 10, to kubik mita 18 ne suka ratsa. A watan Agusta minti 10 sun yi yawa: ciyawa da laka suna toshe idon raga, ruwa ya riƙa kauce mata, lissafi ya lalace ba tare da ka sani ba. A yi minti 3 sau uku ya fi.

Sauran aikin tsafta ce. A sa tufafin auduga, domin riga mai roba tana zubar da zare cikin samfuri. A zuba a kwalbar gilashi a rufe da takardar alminiyom. Kowace fita a buɗe wata kwalba mai tataccen ruwa a ajiye ta kusa har a gama, a bincike ta kamar sauran. Abin da aka samu cikinta daga iska da hannunku ya fito. Don raba roba da yashi, a narkar da gishiri giram 360 a lita ɗaya a zuba. Ledar piya wata da murfin gora za su taso. Jikin gorar ruwa da bututun famfo sun fi ruwan gishirin nauyi, za su zauna a ƙasa, saboda haka adadin da ka samu ya gaza na gaskiya, kuma dole ka faɗi haka. Ƙayar kifi da fiffiken ƙwaro suna kama da roba. A taɓa su da allura mai zafi, roba za ta narke ko ta nannaɗe, su ba za su yi ba. Tantance irin robar sai da na'urar hasken infared, shi ya sa ake adana kowane samfuri da lamba da kwanan wata.

Manyan shara ba sa buƙatar raga ma. Mutum ya tsaya a wuri mai tsayi, ya ware wani yanki na faɗin kogin, ya ƙirga duk abin da ya wuce na minti 20, ya rarraba: leda, gora, takalmi, soso. Gada ce ta fi dacewa, amma kada kowa ya tsaya a Gadar Kennedy ko kusa da wurin jan ruwan famfo na Gudel da kyamara da littafi ba tare da takardar jami'a da izinin jami'an tsaro ba.

Na'urorin aljihu na auna tsami da gishirin ruwa suna da amfani, sai dai zafin Afrilu yana kashe su. Bakin na'urar tsami in ya bushe ya lalace, ruwan daidaita ta mai lamba 4 da 7 ba ya jure rana, takardun gwajin naitiret (sinadarin da ke cikin taki) kuma suna sauya launi a cikin zafi. A ajiye su a kula mai sanyi, a daidaita na'ura safiyar kowace fita.

Haɗarin kogi ba ƙarami ba ne don yana kusa da gida. Rigar hana nutsewa dole ce ga kowa, har da wanda ya iya iyo. Dorina tana kifar da kwale-kwale, musamman mai ɗa. In matuƙi ya ce ba a bi ta nan, ba a bi. Iskar da ke gaban hadari a Mayu da Yuni tana tasowa cikin mintuna, da an ga gabas ta yi ja a nufi gaɓa. Tsargiya tana shiga ta fata a ruwa marar gudu kusa da ciyawa, don haka a sa safar hannu da takalmin roba. Sama da gari, yankin Tilaberi yana fama da rashin tsaro, kada a wuce iyakar birni sai da izinin hukuma. A fara da gaisuwa wurin mai unguwa da shugaban masunta, a riƙe matuƙi ɗaya duk shekara, a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, a sa sunansa a rahoto. Shi ya san inda yashi ya tashi bana da inda kainuwa ke taruwa.

Raunin wannan hanya ɗaya ne, kuma babba: babu kaftin da zai tashe ka. Wata uku na farko kowa yana zuwa, ranar da jarrabawa ko azumi ko biki ya zo sai a tsallake, jerin awon ya yi giɓi daidai lokacin da ruwa ke sauyawa. Maganinsa a zama mutum huɗu ko biyar da jadawali, a samu malami ɗaya da zai duba littafin awo duk wata, a kwafe komai cikin kwamfuta a ranar, a ajiye a wuri biyu. Wanda ke Tawa yana iya yin wannan tsari a tafkin Tabalak, sai dai can ruwa ba ya gudu, dole a ja ragar a hankali, kuma a kafa sandar auna tsayin ruwa.

Wa ya kamata ya bi wace?

Wanda tambayarsa ta shafi laka, ambaliya, shara ko lafiyar ruwan sha, Isa ce wurinsa, kuma kuɗin zango ɗaya a teku zai ɗauki nauyin aikin kogi na shekaru. Masu buƙatar sakamakonsa suna cikin gari: Hukumar Kogin Isa mai ƙasashe tara hedikwatarta a Yamai take, haka cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma da ruwa da yanayi da aka kafa a 1974, haka ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka. Ga ƙarin riba: taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 suna ɗaukar hoton wuri ɗaya duk kwana 5, kowane ɗigo mita 10, kyauta. In ka daidaita fitarka da ranar wucewarsu da hantsi, awonka na laka zai zama ma'aunin fassara launin kogin a hoto, daga nan ka iya karanta shekarun baya.

Wanda zuciyarsa ke kan teku kanta, yana son sanin yadda Tekun Gini ke juya damina, ya fara da bayanan da ke jiran sa a intanet. Na'urorin Argo kusan 4,000 suna yawo a tekunan duniya. Kowacce tana nutsewa zuwa mita 2,000 duk kwana 10, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika ta tauraron ɗan'adam. Shirin PIRATA na Faransa da Brazil da Amurka yana da na'urori a kafe a Atilantika tun 1997, wasu a Tekun Gini. Manhajar Ocean Data View, wadda ake duba irin waɗannan bayanai da ita, kyauta ce ga mai karatu. Bayan haka ya nemi gurbin da ake ɗaukar nauyi: masta ta kimiyyar teku a Jami'ar Abomey-Calavi ta Benin, ko ta WASCAL, shirin nazarin sauyin yanayi na Afirka ta Yamma wanda Nijar na cikin mambobinsa, a Mindelo ta ƙasar Cap-Vert, ko horon cikin jirgi da ƙungiyar POGO ke tallafa wa matasan ƙasashe masu tasowa. Yawancin waɗannan a jiragen inji ake yin su, kuma can ne ake koyon manyan na'urori. Turanci yana da muhimmanci a nan, a fara gyara shi tun yanzu.

Gurbin saye a jirgin iska ya dace da mutum iri biyu: malami ko ɗan jarida da wata ƙungiya za ta biya masa, wanda aikinsa shi ne ya dawo ya nuna wa ɗaruruwan yara abin da ya gani, da kuma mai hali da ba zai taɓa jarin gida ba. Ba mu ga dalilin sayar da fili ko cin bashi saboda sati uku a teku ba.

In kana son duka biyun, jera su. Jar cika tana farawa da damina, don haka a haɗa faifai da raga a Afrilu, a yi fitar gwaji biyu a Mayu lokacin da ruwa ya yi ƙasa, a fara rubuta awo na gaske a farkon Yuni. Zuwa Fabrairu kana da cika biyu a littafinka. Takardar neman gurbi da ke ɗauke da jadawalin laka na wurare uku, da hoton ragar da ka haɗa da hannunka, da sa hannun malamin da ya duba aikin, ita za ka tura wa masu jirgin.